Rabin Ƙwaya a Makasar

Wata bakwai ban ga jinina ba.
Kalandar shagon Haji Rumpa na rataye a kicin,
rabona da sa mata alƙalami tun farkon damina.
Maƙwabta na kallon cikina suna murmushi,
ni kuwa na san ɗakin babu kowa.

Sana'ata zaƙi ce.
Kafin asuba nake dama garin shinkafa da madarar kwakwa,
in naɗe ayaba cikin koren ƙullu,
in kai bakin teku, inda mijina Sangkala
ke sauke kifi yana cewa, "Tenri, kin yi ƙiba, hutu ne."
Bai san da hantsakin da na ɓoye a gwangwanin shayi ba,
bai ƙirga gashin haɓata ba, tara jiya,
bai ga baƙin wuyan da na dirje da soso har ya ɗaye ba,
ina zaton dauɗa ce.

Likita Pakiding ta shafa min mai mai sanyi,
ta juyo min allon: "Ga su nan."
Ƙananan ƙwai a jere kamar jigida,
kowanne ya ɗaura niyyar fita ya tsaya a soro.
Ta rubuta metfomin.
Na ce, "Ai wannan na surukata ne,
ni ba ni da ciwon suga."
Ta ce, "Ba ki da shi. Insulin ɗinki ne ke sallama,
jiki ya yi kunnen uwar shegu,
shi kuma ya gayyato 'yan uwansa suna ta buga ƙofa.
Hayaniyar ce ta ruɗa gidan ƙwai.
Wannan zai sa a amsa tun sallamar farko.
Ban yi miki alkawarin goyo ba."

Sati biyu bakina na ɗanɗanon tsabar kuɗi,
cikina na ƙugi kamar injin kwalekwale.
Sau uku a yini guda na bar wa ƙanwata tire
na ruga bayan masallaci.
Na wurga kwalin a kwandon shara.
Da dare na tono shi, na kakkaɓe ɓawon ayaba.
Ta ce a koma rabi, a tsakiyar cin abinci, ban da kan yunwa.

Shinkafata ta dawo cikin tafin hannu.
Na daina hawa babur, ina takawa har tashar jiragen ruwa,
ina tallar abin da na daina lasa.

A wata na huɗu, ranar Laraba, ana tsuga ruwa,
ina kankare kwakwa marata ta murɗa.
Na duba.
Baƙon da mata ke yi wa tsaki,
ni na zauna kan bokiti ina ta dariya har da hawaye.
Gashin haɓa na nan, shida na cire da safe.
Sangkala ya leƙo, hannu duk ƙarnin kifi: "Ciki ne?"
Na ce, "A'a.
Miƙo min alƙalami."