Tokar Gwamma

Ni ne mai sikeli a bakin ƙofa.
Kafin hantsi amalanken jakuna sun ja layi
daga hanyar Tawa har gindin aduwa,
kowane ɗauke da karan hatsi,
dami bisa dami, sai ka ce rumbu ya tashi tafiya.

Ina aunawa, ina rubutawa.
Nakan cusa hannu cikin dami in ji ko da laima,
don Abarshi ya taɓa yayyafa wa nasa ruwa ya ƙara nauyi,
daren nan tukunyar injin ta yi ta tari har asuba.

Can ciki ana sara, ana niƙa.
Kashi tara gawayin ƙasa, kashi ɗaya kara,
haka injiniya Sahabi ya rubuta a bango.
Gawayin ya yi barcin da ba mai ƙirga shekarunsa.
Karan kuwa ɗan bana ne, na san gonar da ya tsaya,
na san wanda ya yi masa maimai.
Ga su murhu ɗaya:
tsoho na ci a hankali, yaro ya yi balbal ya mutu.
Masu awo sun ce hayaƙi ya rage dafi.
Hancina dai bai ba da shaida ba tukuna.

Ran Laraba Gwamma ta zo,
ita da jikanta da jaki mai yankakken kunne.
Kilo ɗari da sha bakwai.
Na ƙirga mata, ta ƙulle a haɓar zane,
ba ta tafi ba.

"Ɗana, ina tokar?"

Wace toka, Inna?

"Ta karana.
Da can kwance nike barinai,
gara ta ci, ƙasa ta lashe,
iska ta zo ta iske gona da mayafi.
Bana na tuɓe ta tsaf don kuɗin magani.
Kun ɗauki wutar, ban hana ba.
Ku ba ni abin da ya saura in maida mata."

Na kai ta bayan katanga
inda tulin ya ɗara ɗaki tsawo.
Ta tsuguna, ta ɗiba, ta murza,
ta kai harshe kamar mai gwada tokar miya.
Ta tofar.
"Wagga ta auri dutse."

Sahabi ya ce a jira,
an aika da kwalba Yamai a duba ko gona za ta iya ci.
Gwamma ta ce damina ba ta san Yamai ba,
ta kora jakinta.

Da dare fitilu sun kama.
Keken tela na gudu, firjin asibiti na nishi,
yara na karatu a gindin falwaya.
Na tsura wa ƙwan ɗakina ido
ko zan gane kashi ɗayan nan,
ko wane gefen hasken ne ya tsiro a gonarta.
Fari ne fat, ba ɗinki.

Da safe na buɗe littafin awo,
ƙarƙashin ɗari da sha bakwai
na ƙara layin da ba a ce in rubuta ba:
an biya kara.
Tana binmu toka.