Jiri a Tafkin Gidimuni

Ni ɗan Birni ne, haihuwar gindin duwatsu,
ruwan da na sani a jarka yake zuwa.
Shekara goma sha ɗaya ina tura kura
daga bakin famfo zuwa ƙofofin mutane,
ina ƙirga shi dala-dala,
ban taɓa gamuwa da wanda ya fi ƙarfin murfi ba.

Sai ga ni a Gidimuni bayan damina,
tafki ya cika ya batse.
Kiyari masunci ya turo mini gora:
"Rungume ta, ka biyo ni."

Bakin gaɓa lafiya lau,
laka tana tsotsar yatsu, bado yana shafar ƙirji.
Da muka wuce kacala
ƙasa ta zame daga ƙarƙashina ba sallama,
iska ta taso daga gabas,
ruwa ya shiga bakace da ni kamar tsaba a faifai.

Dabinon ƙetare suka sunkuya, suka miƙe, suka sunkuya.
Rana ta zama biyu.
Furar da na sha da hantsi
ta hauro maƙogwaro tana neman hanya.
Na tuna hajijiyar da muke yi muna yara
a filin bayan lakwal,
mu juya, mu juya, mu zube muna dariya.
To, can akwai ƙasar zubewa.

"Kiyari, duniya tana juyawa!"
"Duniya tana nan inda ka bar ta.
Daina kallon ruwa, ruwa ba ya tsayuwa don kowa.
Ka ga dabinon can mai karyayyen kai?
Ɗaure idonka a jikinsa kamar akuya a turke."

Na ɗaure. Igiyar ta kwance. Na sake ɗaurewa.

"In ya zo, bar shi ya fito, kifi ba sa ƙyama."
Ya zo, ya fito,
na ji kunya, ba mai gani sai wata balbela.

Ya ce in kwanta rigingine, gora a kan ciki,
in ja numfashi in gyatsa ta wuce,
in sake shi a hankali, kamar mai hura koko.
Ya ciro citta daga cikin hularsa,
jiƙaƙƙiya, mai warin tarwaɗa.
Na tauna. Yaji ya buɗe mini ido.
Dabinon ya tsaya da ƙafarsa,
rana ta koma ɗaya.

Da muka fito na miƙe da saurin ɗan birni,
gaɓa ta kwashe ni, na sha ƙasa.
Kiyari bai ko juyo ba, yana warware koma:
"Wanda ya fito ruwa da rarrafe yake fara gaida tudu.
Gobe ka zo da auduga a kunne,
kuma kada ka cika tumbi."

Na je goben. Na je jibi.
Ran na huɗu jirin ya zo, ya tarar ina jiransa,
muka yi iyo tare har tsakiya.

Yanzu na dawo bakin aikina.
In kura ta faɗa rami a hanyar Zango
jarkoki goma suka kama kwacal-kwacal,
sai cikina ya amsa musu.
Nakan tsaya, in nemi hasumiyar masallaci da ido,
in bar su su lafa,
masu babur suna ta yi mini oda a baya.