Bugun Katako a Kogin Irawadi

Tun kafin ƙararrawar haikali ta kaɗa,
babana, U Nyo Sein, yakan tofar da jan yawun ganyen taunawa,
ya zauna a goshin jirgi,
ya ɗauko guntun itacen nan da tafin hannu ya goge har ya yi santsi,
ya buga a haƙarƙarin jirgin:
ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya tsagaita, sai biyu a hankali.
Ni ina baya da filafili, 'yar shekara tara,
kumatuna shafe da garin tanaka,
an ce in yi shiru kamar mai bin bashi a gidan makoki.

Sai huci.
Kafin ido ya gan ta kunne ke jin ta,
kamar tsohuwa ta sauke tulu ta numfasa.
Dolfin ce, launin toka, kai kamar ƙwarya a kife,
da tabo a ƙayar baya inda wata koma ta taɓa yanka.
Mai-Tsage muke ce mata.

Takan zagaya, ta koro, ta matse kifi kamar makiyayi da garke,
in ta gama shiri ta ɗaga wutsiya sama, ta kaɗa.
Maganar ke nan: yanzu.
Baba ya watsa koma, ta buɗe kamar faifai, dalma ta nutse.
Abin da ya sulale ta ƙasa rabonta ne,
abin da ya maƙale namu.
Ba takarda, ba shaida, ba a taɓa kai ƙara ba.

Na tambaye shi, wa ya koya wa wani?
Ya ce kakansa ya tarar ana yi,
uwar uwarta ma haka ta tarar.
"Ranar da na yi jifa ba da izininta ba,
ciyawa na kwaso, da takalmin wani."

Sannan masu batir suka fara zuwa da dare,
su tsoma waya, ruwa ya ɗauki makyarkyata,
kifi ya taso fari fat, ciki sama,
har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba.
Damina biyu Baba na bugu, kogi bai amsa ba.
Ya ce ba fushi ta yi ba,
wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.
A ta uku muka kai shi tudun yashi,
ya bar mini jirgi, da bashi, da guntun itace.

Na buga. Hannuna ba nasa ba ne,
nakan yi gaggawa a inda yake jinkiri.
Yayana Zaw Htet ya ce in sayar, in tafi Mandalay in koyi ɗinki.
Kwana goma sha ɗaya ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a bayanta.

Ranar sha biyu, huci.
Ta tsufa, tabon ya yi fari,
ga wani ɗan ƙarami manne da gefenta.
Ta zagaya. Na yi azarɓaɓi na jefa tun ba ta ce ba,
na janyo laka.
Ta nutse, na ce shi ke nan.
Sai ta ɓullo daf da ni ta feso min ruwa a fuska,
tanaka ta gangaro wuyana.
Ta sake zagayawa, sannu sannu wannan karon,
kamar mai maimaita wa kurma magana.
Na jira. Na ƙirga numfashina har bakwai.
Wutsiya ta tashi.

Kifi goma sha huɗu, ba abin a zo a gani ba,
ko kuɗin shinkafar mako ba su kai ba.
Amma ɗan nata yana kallo,
kuma gobe da asuba zan sake bugawa,
da gaggawata da komai,
in ga ko ya riƙe kiɗan hannuna.