Mai Numfashi da Fata

Kakana Tachibana ya ce in jiƙa hannu tukuna.
"Tafinki wuta ne a gare shi, Mikoto,
tsoma shi a rafi har yatsun su mutu."
Na tsoma. Watan Yuni ne,
amma ruwan bai manta ƙanƙarar bara ba.

Sannan ya ɗaga dutsen a hankali,
kamar mai yaye wa jinjiri mayafi.

Ga shi kwance. Sanshowo.
Bai kai tsinken cin shinkafa tsawo ba,
rabinsa ma jela ce,
da jan zane daga ƙeya har ƙarshe,
idanu tulu-tulu irin na wanda aka tasa daga barci.
Sai ka ce ƙadangare, amma shi bai san rana ba,
bai taɓa hawa katanga ya gyaɗa wa kowa kai ba.

Ba shi da huhu.
Da fata yake shaƙar iska,
ranar da ta bushe, shi ke nan.
Don haka ya kama gida inda inuwa ba ta tashi,
ƙarƙashin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye,
sai dare ya raba ya fito neman tana da gizo-gizo.

Uwarsa ta kutsa can ƙuryar dutse
inda idon ruwa ke farawa,
inda fitila ba ta taɓa kaiwa ba,
ta liƙa ƙwai, ta yi gaba.
Shekara uku yana yaro a cikin ruwa,
ya kafa baƙaƙen farata a tsakuwa,
rafi na ja, shi yana ƙi.

Shekara arba'in kakana na ɗana musu tarkon gora
a inda ruwa ke zubowa daga tsauni,
ya busar da su a hayaƙi, ya kai wa masu masauki.
"Da su na saya wa uwarki takalmin makaranta."
Bai ce ya yi nadama ba.
Ya dai ce tun da aka zuba siminti a kwarin gabas
ruwan can ya yi ɗumi,
ya yi shiru.

Na miƙa hannu, na fasa.

Ya mai da dutsen yadda ya same shi,
jiƙaƙƙen gefen a ƙasa.
"Baƙo ba ya barin ƙofa a buɗe," in ji shi.

Muka gangaro.
Har muka iso tashar bas
yatsuna ba su dawo nawa ba.