Taswira a Bayan Kabad

Malaki ne ya fara ganinta,
ranar da muka ja kabad muna neman takalminsa ɗaya.
Ya ce, "Mama, ga Upolu,"
ya ɗora yatsa, "nan ne gidan Kaka."
Na buge hannun. Har yau tafina bai huce ba.

Baƙar fumfuna ce, mai gashi-gashi,
ta taso daga gindin bango har ƙuguna.
Shekararsa shida.
Bai taɓa ganin Samoa ba sai a jikin zanen tebur.

A Porirua, Yuli ne tsakiyar sanyi,
ruwan sama a karkace yake zuwa daga teku.
Da asuba tagogi sun jiƙe kamar goshin mai zazzaɓi,
in bi su da tsumma, in matse a kwano.
Numfashinmu ne, mu tara,
a gidan da aka gina don mutum huɗu.
Ƙanin Peni da matarsa da jaririnsu suna falo
tun da aka ƙara musu kuɗin haya.
Wa zai tura jininsa cikin ruwa?
Wanki kuma a kan kujeru yake kwana,
kwana uku bai bushe ba.

Wakilin mai gida ya zo, takalminsa na ƙyalli,
bai cire ba.
Ya ce, "Ku riƙa buɗe taga."
Nas Hinewai ta ce, "Ku ɗumama ɗakin yaron."
Mitar wuta ba ta ce uffan ba:
dala ashirin ran Litinin, kafin Alhamis ta lamushe.
Gaba kura, baya siyaki,
ni a tsakiya, da tsumma a hannu.

Na goge da bilic har idanuna suka yi ja.
Mako biyu, ta dawo.
Suka turo mai fenti ya shafe ta da fari,
ta ratso kamar mai a takardar soyayyen kifi.
An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Namu bai tsage ba.
Gumi kawai yake yi.

Da dare ina sharar ofisoshi a Wellington,
hawa na goma sha biyu,
inda ake ɗumama kujerun da ba kowa a kansu.
Can wayar Sinalei ta same ni, ƙarfe biyu saura:
"Mama, ya fara fito."

Na san wannan fiton,
siriri, kamar iska a ƙarƙashin ƙofa.
Na ce, "Zaunar da shi. Shuɗin abin shaƙa. Ƙirga."
Ina jin ta, 'yar shekara goma sha uku,
tana ƙirge da muryar da ta ara daga gare ni,
ɗaya, ja, ja, ja,
fatarsa na lotsawa tsakanin haƙarƙari.
A na shida Peni ya ɗauki makullin mota.

A asibiti likita ya fito da takarda:
Haya ko mallaka? Mutum nawa? Akwai danshi?
Alƙalaminsa ya riga bakina isa ga amsa.
Kwana uku Malaki na barci baki rufe,
ƙirjinsa shiru kamar coci ran Talata.
Da ya warware suka ce, "Albishir, za ku koma gida."
Gida. Wurin da ciwon ke zaune yana jiranmu.

Sunanmu na cikin jerin masu neman sabon muhalli.
Wasiƙar na manne a firiji, gefenta ya fara laushi.

Na mayar da katifarsa kusa da kicin,
inda ɗumin murhu ke ɗan daɗewa.
Jiya ya leƙa tsohon ɗakin, ya dawo da gudu,
yana haki, yana dariya:
"Mama, zo ki gani,
Savai'i ma ta fito."