Gindin Buhu

Shekara tara ina cika buhu a Galmi,
manyan albasa a baki, ruɓaɓɓu can gindi.
Direbobi su biya su tafi,
warin ba ya tashi sai sun wuce Doso.

Tari ya kwantar da ni wata biyu a asibiti.
A gadon kusa, tsoho Barmo,
shi ma na taɓa cutarsa.
Ya gane ni. Bai tanka ba.
Da dare ya raba mini kununsa,
ya yi addu'a da sunan Yesu,
ya sa sunana ciki kamar na ɗansa.

Na ce, Ubangiji, ga buhuna, zazzage.
Ya zazzage.
Bai toshe hanci ba.

Barmo bai ga damina ba.

Yanzu a tabarma nake baza kaya,
mai saye ya juya da kansa.
Riba ta ragu. Hanatu ta yi ƙorafi,
daga baya ta daina.
Wani lokaci hannu yakan ɗauki ruɓaɓɓiya
ya nufi buhu don sabo,
sai in tsaya, in jefa wa akuya.
Barci kuwa, har asuba nake yi.