Igiya a Aljihu

A bakin tekun Nairn Ishbel ta kwance igiya,
ta naɗe, ta cusa a aljihun kwat,
amma hannu bai daina neman nauyinta ba.

Wata uku tana koya wa Corrie
inda gwiwar hagu take.
A kicin aka fara, da gutsuren cuku,
taku biyu, tsaya, taku biyu.
Sai lambu. Sai lungun bayan coci,
inda kyanwar fasto ta rushe aikin mako guda.

Yau ruwa ya janye, yashi ya shimfiɗe,
iska mai gishiri na cizon kunne.
"Nan," in ji ta, ta bugi cinya.
Kare ya manne kamar an ɗinke su.
Taku goma. Ashirin.
Sai ga tsuntsayen teku sun sauka gungu
kan wata matacciyar ƙaguwa.

Kunnuwa suka miƙe, jiki ya ɗau ɓari.
Ishbel ta haɗiye kiran da ya taso mata,
ta ci gaba, ko waiwaye babu,
yatsu na murza igiyar a ɓoye
kamar mai jan carbi.

Ba ta jin komai sai ruwa.
Can sai wani hanci mai sanyi
ya taɓi bayan hannunta yana tambaya:
ina cukuna?

Ta laluba. Af, yana can kan tebur.
Haka nan suka tafi, su biyu,
har inda ake ɗaure jiragen masunta,
ba wanda ke riƙe da wani.